Kilo 96 a Kan Tudu

Ni mutum ne mai jiki, kuma haka Allah ya yi ni tun ina saurayi. A shekarar da na fi ramewa ma, in na taka sikeli kilo 96 yake nunawa. Da wannan nauyin na shiga gasar tseren keke a hanyar burji mai tuddai, wadda tsawonta ya haura kilomita 100, hawan da ke cikinta kuwa in an tattara shi wuri guda ya kusa mita 2,000. Masu irin jikina sun sha tare ni, wasu a fili, wasu a gefe cikin jin nauyi, suna tambaya ko mutum zai iya wannan abu tun bai rame ba. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance.

Likita ne ya ɗora ni a kan keke. Na ɗan haura shekara 40 lokacin da jinina ya fara hawa yana ƙin sauka. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai ka motsa jikin nan, ko in ƙara maka ƙwaya." Na gwada gudu da ƙafa, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da mutum, gwiwa juyawa kawai take yi. Na fara a kwalta, motoci suka kore ni, sai na koma hanyoyin burji, inda za ka yi awa guda ba ka gamu da mota biyu ba. Teɓa ta ragu, jini ya daidaita, alhamdu lillahi, daga nan sikeli ya tsaya cik ya ƙi ƙara motsi.

A waɗannan hanyoyi na haɗu da wani dattijo, tsohon mai gyaran keke, siriri, marar yawan magana, wanda kowa ke ce wa Baba. Ya ba ni shekara 20, amma a kan tudu sai ya wuce ni yana gaishe ni, ko haki ba ya yi. Shi ya fara kawo mini zancen gasa, ni kuma na koma na yi ta karatu a kanta. Tseren burji mai suna ba tsohon abu ba ne. Wanda ya fi shahara a duniya, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, a 2006 aka fara shi a garin Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka, da mutum 34 kacal, a kan mil 200, wato kusan kilomita 320, cikin tuddan Flint Hills masu duwatsun da ke yanka taya. Yau dubban mutane ke zuwa. Hukumar kekuna ta duniya, UCI, sai a 2022 ta shirya gasar duniya ta farko a yankin Veneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot 'yar Faransa ta ci ta mata. Ni dai abin da ya ja ni shi ne tsarin da aka kafa abin a kai tun farko: ba motar da za ta bi ka da tayoyi a saman rufi, abin da ya lalace maka a daji kai za ka gyara, kuma hanyar da zakara zai bi ita irina za su bi, a rana ɗaya.

Uwargida ce ba ta yi na'am da maganar ba, kuma tana da hujja. Ta san labarin Sule Kangangi, ɗan Kenya, jagoran ƙungiyar Team Amani, wanda ya faɗi da keke ya rasu a watan Agustan 2022 a tseren burji na Vermont Overland a Amurka, yana da shekara 33. Ta ce, "Baban yara, wannan fa sana'arsa ce, ya fi ka sanin keke nesa ba kusa ba." Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Mun jima muna kai da komo kafin ta sauko, da sharaɗi guda: a gangara ba zan bi kowa ba, ko da yaro ne ya wuce ni yana mini dariya. Na ɗauki alkawari.

Baba ba ya cikin masu ba da ƙarfin gwiwa da baki. Takarda ya ɗauko da biro. Ya haɗa nauyina da na keke da ruwa da kayan gyara, ya samu kilo 108. Yaro mai kilo 60 da irin kayana, kilo 72 zai hau da shi. Ke nan kowane mita ɗaya na hawa, aikin yaron nan zan yi sau ɗaya da rabi. Na ce ai a gangara nauyi zai rama mini, tunda mai nauyi ya fi saurin gangarowa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, bari mu ƙirga." Tudu mai kilomita 5, in na hau shi da gudun kilomita 8 a awa, minti 37 da rabi zan yi. Yaron in ya hau da 11, minti 27 ya ishe shi. A dawowa, ko da ina gudun 45 shi yana 40, ni minti 6 da daƙiƙa 40, shi minti 7 da rabi. Na bayar da minti 10, an mayar mini da daƙiƙa 50. Hawa ke cin lokaci, gangara kuwa kafin ka ankara ta ƙare, don haka ba yadda za a yi ta biya bashin. Balle ma ga alkawarin da na ɗaukar wa uwargida.

Wani lissafin kuma ni na ƙara da kaina. Ɗaga kilo 108 zuwa tsayin mita 2,000 aiki ne na kalori 500 da 'yan kai, amma abin da jiki ke iya kaiwa ga feda bai cika kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya ƙona ba, saura zafi ne da gumi. Hawan kaɗai zai ci mini sama da kalori 2,000, kuma sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, giram 400 zuwa 500, kusan iyakarsa ke nan. Kitse kam ina da shi, ba na roƙon kowa, sai dai shi a hankali yake ƙonewa, ba ya amfanar mai haki. Daga nan dabara ta fito da kanta. Ba zan bari numfashi ya kai inda ba na iya magana ba, kuma tun daga awar farko zan riƙa zuba wa cikina sukari kimanin giram 60 kowace awa, ina jin yunwa ko ba na ji, tunda hanji ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce haka sosai sai an gauraya nau'in sukarin.

Na tambayi Baba, to ni ina ne wurina a wannan hanya? Ya baje taswirar gasar, ya bi ta da yatsa, ya wuce tudu na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya a wani shimfiɗaɗɗen fili da ke samansu, mai kusan kilomita 30, ba bishiya ba dutse, inda iska ke bugo mutum ta gaba in rana ta ɗaga. Ya ce, "Nan ne filinka." A miƙaƙƙiyar hanya nauyi ba ya hana mutum sosai, iska ce babbar abokiyar gaba. Ƙaton mutum ya fi ƙarami ƙarfin ƙafa, faɗin da yake tara wa iska kuwa bai fi na ƙaramin da yawa ba. Aikina shi ne in iso filin nan da sauran ƙarfi, kuma kafin wa'adin zangon farko ya cika, wato lokacin da aka yanke a isa wurin tsayawa na farko, wanda ya makara a cire shi daga gasar.

Keken ma sai da muka gyara masa zama. Muka sa faifan gaba mai haƙora 40, babban na baya mai 42, ta yadda in na juya feda sau ɗaya, taya ba ta cika zagaye ɗaya ba. Samari suna raina irin wannan giya, suna cewa ta tsofaffi ce. Su yi ta faɗa. Taya kuma mai faɗin milimita 42, marar tif, da ruwan danƙo a ciki wanda ke toshe ƙananan huji tun ba ka sani ba. Wurin iska muka fi daɗewa. Wanda ya saba da kwalta yana ganin taya mai tauri ita ce mai gudu, alhali a kan tsakuwa tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, kuma duk girgizar a jikinka take ƙarewa. In kuma ta yi laushi da yawa, dutse zai daki ƙarfen wili ya datse ta. Ga mai nauyina tazarar da ke tsakanin biyun ƙarama ce. Muka yi ta ragewa muna gwadawa har muka tsaya a wajen psi 40 (ma'aunin iskar taya ke nan) a baya, gaba kuma ƙasa da haka kaɗan.

Ranar gasa, ana busa usur mutane suka zabura sai ka ce kilomita 10 za a yi. Ƙura ta turnuƙe, ba ka ganin wanda ke gabanka sai hular kwanonsa. Na bar su. Tudu na farko dogo ne amma ba shi da tsini, kuma a kansa kusan duk wanda ya rage a bayana ya wuce ni. Wata baiwar Allah mai furfura a gefen hula ta zo daidai da ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yallabai," ta yi gaba. Wani yaro siriri, wanda bai fi sa'ar ɗana na fari ba, ya waiwayo ya ce, "Baba, sai mun haɗu a can!" Da wasa ya faɗa, amma ta shige ni. Na kalli agogo, na kurɓi ruwan sukarina, na ci gaba da juya ƙafa.

Tudu na biyu shi ne mugun. Akwai inda tsininsa ya kai kashi 15 cikin 100, wato kowane mita 100 da ka ci gaba ka ɗaga sama mita 15, ga duwatsu sakakku da ruwan sama ya tono. A kwalta in hawa ya yi tsanani sai ka miƙe tsaye a kan feda. A nan kana miƙewa nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa. In ka koma baya da yawa a kan sirdi kuma, tayar gaba ce za ta ɗaga kai. Sai ka matso bakin sirdi, ka kwantar da ƙirji, ka riƙa taka feda sumul ba fizga, idonka yana neman layin da ƙasa ta fi tauri. Na yi haka har gudu ya sauko ƙasa da kilomita 5 a awa, sannan na sauka na tura. Tun a gida muka yanke wannan da Baba, domin a irin wannan gudun mai tafiya da ƙafa ba a bar shi a baya ba, kuma ya adana cinyarsa. Na wuce mutum biyu da suka ƙi sauka don kunya, ɗaya ya tsaya cak ya kife gefe da ƙafarsa maƙale a feda. Mai ɗaukar hoto kuma, Allah ya shirye shi, daidai wurin ya zaɓa ya tsuguna. Su dai ba sa tsayawa inda mutum ke da kyan gani.

Ina cikin turawa na fara jin ƙugin motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza. Ban waiwaya ba, amma kunnena yana kanta har na kai sama. Na shiga zangon farko saura 'yan mintuna wa'adi ya cika. Wani ma'aikacin gasa ya duba lambata, ya dubi cikina, ya ce, "Yallabai, akwai wuri a mota in kana so." Na ce ya cika mini goruna.

Da na fita fili iska ta tare ni, irin wadda ke cika kunne har ba ka jin ƙarar tayarka. Na kama ƙasan kan keke, na sunkuya iya yadda teɓa ta bari, na sa giya mai nauyi. A karon farko tun safe ƙafata ta samu abin da ta iya. Ba a jima ba na fara hango su ɗaya-ɗaya, waɗanda suka wuce ni a tudu, kowa shi kaɗai, iska tana wasa da shi, kafaɗa na rawa. Duk wanda na wuce sai ya lallaɓo ya manne a bayana. Wanda ke bin bayan wani kurkusa yana rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahalar iska, to ina ga wanda ya samu bango irina. Da na waiwaya sai na ga layi ya miƙe a bayana kamar kaza da 'ya'yanta, har da yaron nan mai cewa sai mun haɗu a can. Ga shi kuwa mun haɗu.

A ƙa'idar masu keke, na gaba in ya ja na ɗan lokaci sai ya kaɗa gwiwar hannu, na bayansa ya karɓa. Na kaɗa, shiru. Na sake kaɗawa, kowa ya duƙar da kai yana kallon tayar na gabansa. Yaron ne ya yi magana, ya ce, "Baba, wallahi in na fito iskar nan mayar da ni baya za ta yi." Na yi dariya har na shaƙi ƙura, don ya fi sauran gaskiya. Baiwar Allahn nan mai furfura ita kaɗai ta riƙa fitowa tana karɓa ta, minti ɗaya, minti biyu. Ba ta tare mini iska sai daga ƙirji zuwa ƙasa, amma wannan ɗan hutun ya yi mini rana, kuma har yau ina ganin girmanta.

Zan faɗi abin da na ji a filin nan, ko da wani zai ga abin dariya ne. Tun ina makaranta jikina abin zolaya ne. Ni ne wanda ake cewa ya zauna a gaban mota don kada a matse, ni ne wanda kujerar roba ke tsoro, ni ne wanda likita ke yi wa faɗa. Na saba shiga wuri ina neman yadda zan rage faɗi. Ranar nan sai ga mutane suna neman faɗin nawa, suna rige-rigen fakewa a bayansa, kuma ƙafafun da suka yi shekaru suna ɗauke da wannan nauyi su ne suka fi na kowa ƙarfi a wurin. Na yi wa Allah godiya da babbar murya, iska ta tafi da ita, ba wanda ya ji. Kusan awa guda muka yi a haka, muna cin hanya da gudun da ba ɗayansu zai iya shi kaɗai. Da muka isa zango na biyu na tarar na tara wa kaina sama da minti 20 a kan wa'adi.

Daga zangon sai tudu na uku, kuma a gindinsa layin ya watse. Duk suka tashi suka bar ni, da ƙafafun da na hutar musu. Ban riƙe kowa a zuciya ba, gasa ce, kowa tasa ta fisshe shi. Amma a cikinsu mutum uku ne suka buɗe baki suka ce an gode, kuma na lura da sauran.

Bayan wannan tudun ne doguwar gangara take, wadda kowa ke magana a kanta tun kafin gasa. Farkonta gargada ce, irin ƙananan kunyoyin nan da tayoyin mota ke yi wa burji, masu girgiza mutum har haƙora. Gorunan ruwa ne zube a hanya, na waɗanda gargadar ta fizge wa. A irin wurin nan ƙanƙame keke shi ke kayar da mutum. Sai ka saki gwiwar hannu, ka ɗan ɗaga daga sirdi, ka ja jiki baya, ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Kwana kuma tun kafin ka shige ta za ka gama rage gudu. Birkin gaba shi ne mai ƙarfi, amma in ka damƙe shi a tsakiyar kwana a kan tsakuwa, tayar gaba za ta zame, kuma ba ta sallama. Ga kilo 108 birki yana zafi da wuri, don haka ban riƙe shi a jere ba, kamawa nake ina saki, duk da haka ina jin ƙaurinsa. Keken yana ta roƙona in sake shi, don nan ne nauyina ke son nuna kansa. Mutum biyu suka wuce ni a guje. A wata kwana na ga ma'aikatan lafiya durƙushe kan wani, an ɗaure masa hannu a ƙirji. Sule Kangangi ya faɗo mini a rai, da fuskar uwargida lokacin da take kafa sharaɗinta, na ƙara taɓa birki.

Kusa da ƙasa na hango yaron a gefen hanya, keke a kife, farin ruwan danƙo ya fantsama masa har gwiwa. Dutse ya tsaga gefen tayarsa ta baya. Ruwan danƙo ƙaramin huji yake toshewa, zaren danƙon da ake cusawa da basilla ma yana da iyaka, wannan kuwa yanka ne da ɗan yatsa zai shiga. Tif ɗinsa ya riga ya ba wani tun da safe. Ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba, idonsa ya kawo ruwa. Na duba agogo. Tif ɗaya gare ni, ga sauran hanya mai duwatsu wajen kilomita 20, ga tudu na ƙarshe. Na ciro shi da facin taya na miƙa masa, na ce, "Ka fara manna wannan daga ciki a kan yankan, sannan ka sa tif ɗin. In ba haka ba zai leƙo ta wurin ya fashe." Ya ce, "Baba, kai fa?" Na ce ya yi sauri.

Daga nan tafiyar ta canza. Kowane dutse mai baki sai na kauce masa, kowane ƙaramin sauti daga taya sai gabana ya faɗi. Ban san akwai duwatsu masu kaifi da yawa haka a duniya ba sai da aljihuna ya zama wayam.

Taya ba ta ba ni kunya ba, cinya ce ta ba ni. A tsakiyar tudu na ƙarshe tsokar cikin cinyata ta dama ta ɗaure tamau, daga gwiwa har matsematsi. Mutane suna ɗora wannan a kan ƙarancin gishiri, kuma na sha ruwan gishirina yadda ya kamata. Masu bincike da yawa sun fi danganta shi da gajiyar tsoka da jijiyoyin da ke ba ta umarni, kuma ni na san inda na kashe tawa, a filin iska ne. Na nemi giya mai sauƙi, na tarar tuni ina kan ta ƙarshe. Na sauka da ƙyar, na miƙe ƙafar a jikin wani dutse har ta saki, na tura keke, na hau, ta sake kamawa, na sake sauka. Minti 20 ɗin da na tara suka riƙa zubewa ina kallo. A nan ne kaɗai a duk ranar na yi tunanin motar nan da wurin da aka ce akwai a cikinta.

Sai na ji ƙarar tsakuwa a baya. Yaron ne, taya ta tashi, yana hawa cikin sauƙi abin haushi. Ya rage gudu ya ce, "Baba, in tura ka?" Na ce, "Wuce, ɗana, kada su kore mu mu biyu." Ya yi jim, ya ciro wata 'yar ledar zaƙi daga aljihun rigarsa ya cusa mini a hannu, ya yi gaba. Na tsotse ta, na ƙirga taku 50 ina turawa, na hau na ƙirga juyi 50, na sauka, haka haka har ƙasa ta daina tashi a gabana.

Na iso ƙarshe saura kamar kwata wa'adi ya cika. Wanda ya zo na ɗaya ya riga ni da fiye da awa 3, an ba shi kyautarsa, ya yi wanka, wataƙila ma ya yi barci. Ana ta naɗe tutoci, mai lasifika ya gaji, sunana ma a karkace ya kira shi. Baba yana zaune a inuwa, ya daɗe da isowa. Ya taso ya kama keken, ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya shinshina birkin, sannan ya dube ni ya ce, "Madalla." A bakinsa wannan doguwar huɗuba ce. Yaron ya zo da ruwan sanyi, ya durƙusa ya gaishe ni sosai, ya ce yana da bashin tif a wuyansa. Ya riga ni da 'yan mintuna, da tif ɗina. Na kira uwargida, ba ta tambayi na nawa na zo ba, cewa ta yi, "Ka cika alkawari?" Na ce na cika, har mutum biyu sun wuce ni. Ta ce, "To, Allah ya ƙara lafiya."

Da sakamako ya fito an raba shi zango-zango. A tuddai ina cikin na can ƙasa, ba abin mamaki. A tsakanin zango na ɗaya da na biyu kuwa, lokacina ya fi na mutane da yawa da suka gama gasar awa guda kafin ni. Na nuna wa likita, ya auna jinina, ya ce in ci gaba da abin da nake yi, ƙwayar ma ya rage mini ita.

Masu shirya gasar sun ce baɗi juya hanyar za su yi, a faro daga inda aka ƙare. Doguwar gangarar nan mai gargada za ta zama hawa, iskar filin kuma za ta koma bayan kowa, ba wanda zai nemi bango. Na kai wa Baba labari ina dariyar takaici. Bai yi dariya ba, aljihu ya laluba ya ciro biro, ya yi 'yan rubuce-rubuce a bayan wani kwali. Ya ce faifan gaba zai koma mai haƙora 38, na baya a nemo mai 46, sarƙa ma sai an sake doguwa, kuma daga wannan makon ranar Asabar ba zan ƙara ganin miƙaƙƙiyar hanya ba, tudu za mu riƙa yi, ni da shi da yaron, tunda ya karɓi lambar wayata.